Bana Eskoshan Ɗinmu Ya Nufi Riruwai

Duk shekara idan aka zo maganar eskoshan, muhawarar ba ta wuce Yankari ko Jos. Babu laifi, wurare ne masu kyau. Amma ni shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce bana a juya akalar mota zuwa Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jiharmu ta Kano, gaba da dajin Falgore.

Mu a Ɗanbatta idonmu ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonar gero ta haɗe da ta gyaɗa har iya ganinka. Shi ya sa da yawanmu ba su san cewa a jihar nan akwai kututturen dutse mai aman wuta ba. To, duwatsun Riruwai shi ne.

Masana sun auna shekarunsu, sun samu kusan miliyan 170. A wancan zamani narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta amayar da toka da garwashi. Da rumbun da ke ƙasa ya ragu, sai rufinsa ya rufta, ƙasa ta tsage a zagaye kamar bakin ƙwarya. Wani narkakken ya biyo tsagar ya daskare, wani kuma ya kutso tsakiya ya huce a hankali ya zama giranait. Daga baya ruwa da iska suka cinye saman, suka bar zoben duwatsun da ake gani yau. Kuma Riruwai ba ita kaɗai ba ce. Jeri ne da ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, ya biyo Damagaram, Dutse da Jos, har Afu a jihar Nasarawa. Na arewa su ne manya a shekaru, kana yin kudu suna ƙara ƙuruciya.

Lokacin da giranait ɗin ke hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya ratsa tsagoginsa ya ajiye kuza, tutiya da dalma. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narka kuza, fatake suna kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Yau ma matasa sa'o'inmu suna cikin ramuka da diga da shebur, yawanci babu hular kwano, babu wanda ya auna musu ƙarfin bangon ramin.

Na san wani zai ce, "Malam, ni noma nake karanta, ina ruwana da dutse?" Ruwanka kuwa yana ciki. Ƙarƙashin yashin Ɗanbatta tsohon dutse ne mai tauri, kuma ruwa ba ya zama a cikinsa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa za ka ga an haƙa rijiyar burtsatse a nan ta kawo, an matsa kaɗan an haƙa wata, kuɗin al'umma ya tafi a banza. Abin da yake ɓoye a ƙarƙashin gonakinmu, a Riruwai yana fili, har ka sa yatsa a tsagar. Ɗalibin lafiyar dabbobi ma yana da tambaya: me ke cikin ruwan tsofaffin ramukan da shanu ke sha? Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinare ta kashe yara sama da 400.

Saura maganar nisa da tsaro. Gaskiya ne tafiyar ta haura kilomita 200, kuma dajin Falgore ya taɓa fama da ɓarayin shanu. Amma ai motar Jos ma ta nan take bi. A nemi shawarar jami'an tsaro, a sanar da masu gari, a yi sammako a ratsa da rana.

Buƙatata ga shugabanninmu guda uku ce: a sa Riruwai a kasafin bana, a gayyato malamin ilimin duwatsu ya raka mu, sannan 'yan ajin ƙarshe su ɗebo samfurin ƙasa da ruwa don firojet, maimakon kwafe na bara a canza suna. Gani ya kori ji, jama'a. A kawo maganar a zaman majalisar ɗalibai na gaba, mu kuma mu cika zauren.