Ba kowane nauyin kwamfuta ba ne bairos

A shagunan buga takardu na Birnin Gwari da ofisoshin makarantu, hukunci ɗaya ake yanke wa duk kwamfutar da ta fara jan ƙafa: "Bairos ne, sai an yi mata fomatin." Wato a goge ta kakaf, a sake zuba mata Windows. Mai ita ya biya, ya tafi da murna, bayan 'yan makonni ta koma gidan jiya. Ni dai a ganina wannan lalaci ne aka naɗa wa rawani ake kiransa gwaninta.

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu 'yan gwanjo ne, masu RAM gigabait huɗu da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Da ka kunna, kafin ka taɓa komai, manhajoji sun riga ka tashi. OneDrive na neman intanet, Teams ya buɗe kansa, Chrome na aiki ko da ka rufe shi, manhajar firintar da ta mutu bara tana nan daram. Ga antibairos biyu da wani mai gyara ya cusa, kowanne na binciken ɗan'uwansa, alhali Windows ta zo da nata mai suna Defender. Wanda ya labta wa babur buhu biyar na masara daga Kuyello bai kamata ya zargi inji ba idan ya kasa hawa tudu.

Kuma ganin wannan kaya ba ya bukatar ko sisi. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ya jera maka kowace manhaja da abin da take ci. Shiga sashen Startup, ka hana waɗanda ba ka bukata tashi da kansu. Abin da ba ka san sunansa ba, ƙyale shi, domin wasu na Windows ne. Idan da datar waya kake hawa intanet, sanar da Windows cewa layin na awo ne, sai ta rage saukar da kaya a ɓoye. Sannan a duba fanka: ƙurar hunturu kan toshe ta, kwamfuta kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Fomatin ba ya share ƙura.

Wasu kuma sun koma ga manhajojin "ƙara gudu". To, su ma ai a bayan fage suke zaune suna cin rabonsu. A 2017 masu kutse sun cusa guba a CCleaner, mutane sama da miliyan biyu suka sauke ta da hannunsu. A 2020 Google ya kori Clean Master daga kasuwarsa ta manhajoji.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsadar wannan al'ada a gari irin namu. Mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, wani takardunsa sun salwanta, hoton shaidar karatunsa da aka ɗauka a shago kaɗai ya rage a kwamfuta. A goge wannan saboda zato? Bayan gogewa kuma sai an sake sauke komai da data. Mun ga yadda gwamnatin Kaduna ta katse layukan sadarwa a yankinmu a ƙarshen Satumban 2021, aka yi kusan wata biyu babu sabis. Wanda aka goge wa kwamfuta a lokacin, daga ina zai sauke abin da ya rasa? Sai dai ya kama hanyar Kaduna, sama da kilomita ɗari, hanyar da kowa ya san halinta kafin sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2024.

Ban ce babu bairos ba. Akwai, musamman mai bin filash daga shago zuwa shago yana ɓoye fayiloli. Amma bincike ke tabbatar da shi, kuma sau da yawa ana cire shi ba tare da an goge komai ba. In ma kuɗi za a kashe, sauya tsohon faifai da SSD ya fi fomatin goma amfani.

Masu gyara, ku ji tsoron Allah, ku buɗe Task Manager a gaban mai kaya kafin ku ambaci gogewa. Kai kuma mai kwamfuta, duk wanda ya ce maka bairos ne, ka ce ya nuna maka shi. In ya kasa, ɗauki abarka ka yi gaba.