Masu Zanen Magrib: Tsakanin Gida Da Ƙetare

An daɗe ana muhawara a ƙasashen Magrib, watau Maroko da Aljeriya da Tunisiya, a kan masu zanensu da ke zaune a Turai. Waɗansu na cewa wanda ya tare a Paris ya riga ya sayar da hannunsa ga Turawa, domin su ne masu saye, su ne kuma masu yabo. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, kuma an auna shi da mudun da bai dace ba. Abin dubawa shi ne inda aikin mutum yake komawa.

Mu ɗauki marigayi Farid Belkahia na Maroko. Ya yi karatu a Paris da Prag, sa'an nan ya komo gida ya shugabanci makarantar koyon zane ta Kasabalanka daga 1962 zuwa 1974. Shi da abokan aikinsa Mohamed Melehi da Mohamed Chabaa suka ƙi yarda a ci gaba da koya wa yara kwaikwayon zanen Faransa, suka mai da hankalinsu ga adon darduma da na ƙofofi da na kayan ƙawar mata. A cikin 1969 suka kwashi zane-zanensu suka baje su a dandalin Jama'ul Fana na birnin Marakish, inda talaka da ɗan dako ke wucewa, ba tare da an tambayi kowa takardar gayyata ba. Daga baya Belkahia ya bar fentin Turawa, ya koma zane a kan jemammiyar fata da lalle. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da yake fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta kirgin jar akuyar Sakkwato ne da fatake suka ƙetara Hamada da shi daga Kano.

To, na ƙetare fa? Rachid Koraichi, mutumin Aljeriya, mazaunin Paris ne. Amma da kuɗin aljihunsa ya sayi fili a garin Zarzis na Tunisiya ya gina maƙabarta, aka buɗe ta a 2021, domin binne gawarwakin matafiya da teku ke jefowa bakin gaɓa. Ya ƙawata ta da tayil da itatuwa, ya sa mata suna Lambun Afirka. Da yawa daga cikin masu bin wannan hanya daga kudancin Hamada suke fitowa, waɗansu ta Agadas. Wa zai ce mai wannan aiki ya manta da gida?

Duk da haka masu ƙorafin suna da tasu gaskiyar. A 2022 Zineb Sedira, wadda iyayenta mutanen Aljeriya ne, ta tsaya a babban baje kolin zane na birnin Benis, amma da sunan Faransa ta tsaya, aka kuwa yaba wa Faransa. Laifin ba nata ba ne. Na hukumomin da ba su tanadi wurin ajiya da kuɗin saye ba ne, har gwanayensu suka zama abin alfaharin wasu. Maroko ta farga, ta buɗe gidan adana zane na Sarki Muhammadu na Shida a Rabat a 2014, kasuwar zane ta 1-54 kuma ta soma ci a Marakish a 2018. Sai dai kasuwa ta mai kuɗi ce, kuma ɗan dakon Jama'ul Fana da aka kai wa zane har gabansa a 1969 ba ya cikin waɗanda ake aika wa katin gayyata.