Kafin Birni Ya Ɗauki Mashawarta Kan Tace Ruwan Kwata

Birnin Windhoek, fadar mulkin ƙasar Namibiya, yana zaune ne a kan tudu tsakanin hamadar Namib da ta Kalahari, inda ruwan saman da ake samu a shekara bai kai rabin na Kano ba, kuma ba a tarar da kogi mai gudu rani da damina sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wannan lalura ce ta sa tun 1968 mahukuntan birnin suka yi abin da babu birnin da ya riga su a duniya, suka tara ruwan da ya fito daga gidajen jama'a, na wanka da na wanki da na bayan gida, suka tace shi a matatar Goreangab har ya shawu, suka mai da shi cikin famfo. Abin da ya fi dacewa a lura da shi cikin labarinsu shi ne irin zaman da suka yi da mashawarta, wato masanan da hukuma ke ɗaukowa daga waje da kuɗin baitulmali, domin a nan ne birane da dama suke tuntuɓe.

Mutanen Windhoek ba su ƙi neman taimako ba. Matatar farko da masu bincike na Afirka ta Kudu aka tsara ta. Sabuwar da aka buɗe a 2002, mai iya tace lita miliyan 21 kowace rana, da rancen bankin raya ƙasa na Jamus da Bankin Zuba Jari na Turai aka gina ta, aka kuma damƙa gudanar da ita ga kamfanin WINGOC, wanda kamfanonin Turai irin su Veolia suka haɗu suka kafa, bisa yarjejeniyar shekara 20. Amma duk da haka matatar ta zauna mallakar birni, ɗakin gwajin ruwa na birni bai daina aunawa ba, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa a kowane mataki da ruwan zai ratsa, daga iskar ozon zuwa yashi da gawayi da matankaɗi mai ƙananan ƙofofi har zuwa sinadarin kilorin, akwai haddin da dole ya cika. In ya gaza a yanke wa kamfani kuɗi, in kuwa gazawar ta yi muni ruwan ba ya shiga famfo sam.

To, wa zai iya rubuta sharaɗi irin wannan, ya kuma gane ranar da aka karya shi? Sai injiniyan hukuma wanda ya yi shekaru yana shaƙar warin ruwan nan, ya san halinsa da rani da halinsa da damina. Mashawarci, komai zurfin ilminsa, baƙo ne: zai yi watanninsa, ya miƙa rahoto mai kauri, ya karɓi ladansa ya kama hanya, alhali ruwan yana nan za a sha shi shekara hamsin. Hukumar da ba ta da mai karanta rahoton ya ce wannan daidai ne, wancan kuskure, ta sayi takarda ce kawai, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara. Wajibi ne a haɗa kowane mashawarci da ma'aikatan gida da za su zauna tare da shi tun daga awon farko. Kada a biya shi da kaso daga jimlar kuɗin aikin, don kada maslaharsa ta koma ga kumbura aikin. Kuma ya bayyana a rubuce ko yana da wata alaƙa da masu sayar da injunan da zai ba da shawarar a saya.

Akwai wata hikima ta Windhoek da ta shafe mu kai tsaye, ita ce raba ruwan masana'antu da na gidaje, ta yadda dattin masana'anta ba ya shiga ruwan da za a mayar na sha. A Kano kuwa, wanda ya bi gaɓar kogin Jakara da rani zai ga mai lambu ya kafa injin ban-ruwa a bakin baƙin ruwa mai kumfa, yana shayar da latas da alayyafo da karas waɗanda gobe za su kwana a kasuwa, alhali rafin Getsi yana kwararo wa Jakarar abin da masana'antun Bompai suka zubar. Ashe mun daɗe muna sake amfani da ruwan kwata, tacewar ce babu. Mashawarcin da bai taka wannan gaɓa ba, bai zauna da masu lambun nan ba, tsarinsa na wani gari ne.

Saura mas'alar yardar jama'a, wadda ba a sayenta da kwangila. A garin Toowoomba na Ostireliya an kaɗa ƙuri'a a 2006, kashi 62 cikin ɗari suka ƙi shan ruwan da aka tace, duk da hujjojin masana, har sai da aka janyo bututu daga madatsar Wivenhoe. A wurinmu tambayar farko ta tsarki ce, ko ya halatta a yi alwala da shi. Fikihunmu yana duban launi da ɗanɗano da wari, kuma tun 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan da aka tace har alamun najasa suka gushe ya koma mai tsarki, muddin ba ya cutar da lafiya. Malamanmu da likitocinmu su ya kamata su duba wannan da idonsu tun ana tsara aikin, su faɗa wa jama'a da bakinsu.

Saboda haka ina roƙon 'yan majalisa a duk birnin da aka kawo musu irin wannan buƙata, kada su sa hannu a kuɗin mashawarta sai an kawo musu sunayen injiniyoyin gida da za su gaji aikin, an kuma buga sharuɗɗan yarjejeniyar kowa ya karanta.