Kafin a goge akwatin, a karanta abin da ya rubuta

Tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta fara aiki a Kalgo bayan kafa ta a 2013, harkar shagunan kwamfuta ta samu kasuwa. Haka ma a Gwandu, masu cike fom da duba sakamakon WAEC da NECO ba su rasa abin yi. A wasu wuraren za ka tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta lulluɓe fankarta, an ɗora mata pfSense ko IPFire domin ta zama katangar tsaro tsakanin ofis da intanet. Ba mai tunawa da ita sai ranar da ta ƙi karɓar kalmar sirri.

A ranar nan ne nake jin maganar da ke ɓata min rai: "Oga, a goge a sake ɗorawa kawai." Aikin wata da watanni, dokokin da aka tsara ɗaya bayan ɗaya, su tafi cikin minti goma saboda mai gyara bai so ya zauna ya yi karatu.

Sau da yawa kalmar ba ta da laifi. Umarnin su, wanda ake sauya mai amfani da shi, kalmar wanda za ka koma yake nema, wato root, babban mai iko a na'urar. Shi kuwa sudo taka yake tambaya. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum barci. A IPFire ma kalmomin biyu ne daban: ta root ta baƙin allo, ta admin ta shafin burauza. FreeBSD, wanda aka gina pfSense a kansa, yana da nasa sharaɗin. In sunanka ba ya cikin rukunin wheel, ko ka rubuta kalmar daidai sau ɗari, haƙuri kawai zai ba ka. Akwai kuma wanda ya fi wahalar ganewa: wani ya sauya izinin fayiloli gaba ɗaya, umarnin su ya rasa alamar setuid, ya kasa leƙa /etc/shadow inda IPFire ke ajiye kalmomin. Sai ya ce ka yi kuskure alhali shi ne aka ɗaure wa hannu.

Mafi yawan wannan na rubuce a littafin da na'urar ke ajiyewa da kanta, irin su auth.log. Buɗe shi bai kai shan shayi ɗaukar lokaci ba.

Abin da ya fi gogewar muni shi ne abin da ke biyo baya. Ana gamawa a bar kalmar masana'anta, admin da pfsense, wadda kowane yaro mai waya zai samu. Da irin waɗannan kalmomi kimanin 60 manhajar Mirai ta mamaye dubban na'urori a 2016. Shagon da ke riƙe da lambobin NIN da hotunan 'ya'yan mutane bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Ku masu shaguna da shugabannin ofisoshi, naku alhakin ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Kada kalmar root ta zauna a kan mutum ɗaya wanda gobe zai samu aiki a Sakkwato ya kashe waya. A rubuta ta, a sa a ambulan, a kulle a durowa. Kowane ma'aikaci a buɗe masa sunansa. In mai gyara ya zo da maganar gogewa, ku ce ya fara nuna muku layin da ya karanta, sannan ya kwafe saitin a filas kafin ya taɓa komai.