Wasiƙa ga Masu Auna Hayaƙi a Jega, Aliero da Maiyama



Aikinmu kacokan yana rataye da tambaya ɗaya: da ba a kawo shirin rage hayaƙi ba, hayaƙi nawa zai tashi sama? Amsar ita ce ma'aunin tushe. Daga ita ake cire hayaƙin da ya rage bayan an yi aiki, ratar da ke tsakani ta zama tan-tan ɗin da ake sayar wa kamfanonin ƙetare. Abin da ba a yi ba kuwa babu mai ganinsa, nan ne ƙofar ha'inci. Duk wanda ya taɓa cefane a kasuwar Jega ya san mai buga gindin mudu ba a farashi yake cuta ba.

Ku fara da injin ban-ruwa. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wannan lissafi babu gardama. Gardamar tana kan lita nawa manomin albasa na Aliero yake ƙonawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a arewa. Wasu suka rage gona, wasu suka sayi na'ura mai amfani da hasken rana da kuɗinsu. Wanda ya ɗauko alƙaluman 2022 ya ce haka za a ci gaba da ƙona mai, ya sayar da ragin da tsada ta riga ta yi. Ku je ku tsaya bakin rijiya, ku ƙirga jarka, ku rubuta awannin da inji ya yi yana kuka, daga dashe har cira.

Shinkafa ta fi wuyar sha'ani. Gonar da ruwa ya kwanta mata dare da rana ita ke fitar da iskar misen, wadda ta ninka kabon ɗumama duniya wajen sau 28 cikin shekara ɗari. Amma manomin rani da ke jawo ruwa da inji a fadamar gulbin Zamfara ba ya iya riƙe fangali cike kullum. Yakan ba da ruwa, ya tsotse, ya jira kwanaki. Idan kuka rubuta cewa gonarsa tafki ce, sannan kuka ce ku ne kuka koya masa shanya ta, kun ci haram. A 2024 hukumar Verra mai tantance irin waɗannan shirye-shirye ta yi watsi da shirye-shiryen shinkafa 37 a ƙasar Sin bayan ta gano an kumbura lissafinsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka shirin sabon murhu. Ku shiga gidajen Maiyama da sallama, ku ɗauki mata cikin tawagarku, ku auna itace a sikeli kwanaki a jere. Bayan kaka za ku tarar ana girki da karan dawa, shi kuwa kara baɗi zai sake tsirowa, ba a lissafa shi da daji da aka sare. Ku duba ko sabon murhun yana da toka, ko kaza ce ke kwanci a ciki. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya sun nuna a 2024 cewa shirye-shiryen murhu sun ninka ainihin raginsu kusan sau tara.

Ku ɗaliban jami'ar Aliero da ake ɗauka tattara bayanai, kada ku cike takarda a gindin bishiya. In alƙalami biyu sun saɓa, ku ɗauki ƙarami. Ku sabunta ma'auni duk lokacin da farashi ko al'ada ta sauya, ku kuma gaya wa manomi da hakimi rabonsu tun kafin a sa hannu.

Ranar da mai bincike ya bankaɗo lissafin bogi, kamfani zai naɗe jakarsa ya tafi, sunan Kebbi ne zai zauna da tabon. Ku auna da gaskiya, Allah Ya sa mu cika da imani.

Wassalam, ɗan'uwanku a wannan aiki.