Kafin ka yar da tsohuwar kwamfutar shagonku

Idan kana da shagon buga takardu a Funtua, ko kai ne ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a Malumfashi, ka san irin kwamfutar da nake nufi: Dell ko HP 'yar Beljiyam, wadda za ka kunna, ka je ka sha shayi, ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Da kuɗin masara sun shigo, sai abokai su ce ka yar da ita ka sayi sabuwa. Dakata tukuna.

Sau da yawa laifin na faifan ajiya ne, wanda masu gyara ke kira had-dis. Faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani ɗan hannu na bin sa yana neman bayanai. Ga tsufa, ga ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma mai shiga ramin SATA yana karanta kusan megabait 500 a sakan, ninki uku ko huɗu na tsohon. Mai gigabait 256 ya ishi aikin shago. Sai dai ka sa a buɗe maka injin a duba kafin ka saya, domin tsofaffin masu faffaɗar igiyar IDE ba sa karɓar sa kai tsaye.

To, amma ga inda masu gyara da yawa ke yin shiru. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Ƙarin wa'adin da ya ware wa waɗanda suka yi rajista shekara guda ce, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Yawancin na shagunanmu ba su kai nan ba, kuma SSD ba zai kai su ba. Sauri za ka samu, ƙofar ɓarayin intanet tana nan a buɗe.

Ni dai a ganina, injin da aikinsa taifin da firintin ne, sa masa SSD ka cire shi daga intanet, ya ci gaba da nema maka na cefane. Wanda kake shigar da NIN da BVN na mutane a kansa kuwa, ko ka koma Linux Mint, kyauta ne, ko ka tara kuɗin wanda zai ɗauki Windows 11.

Shi kuma tsohon faifan, don Allah kada ka miƙa wa 'yan gwangwan haka nan. Hotunan fasfo da takardun mutanen unguwarku suna ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya share su. A goge shi gaba ɗaya, ko ka sa masa guduma.