Filashin Waya a Gadarif: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Kalmar filashin tana daga cikin baƙin kalmomin da wayar hannu ta shigo da su Hausa, kuma ma'ana biyu gare ta. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: mutum ya kira ɗan'uwansa, waya ta yi ƙara sau ɗaya, ya katse domin a biyo shi. Ta biyu kuwa ta masu gyaran waya ce. Idan suka ce za a yi wa waya filashin, suna nufin za a jona ta da kwamfuta, a goge manhajar tushe da ke tafiyar da ita, a ɗora wata. Masu magana da Larabci ma sun ari kalmar, suna cewa taflish. Filashin na farko ba ya cin ko sisi, na biyu kuwa yana iya cin waya ɗungurungum da duk abin da ke cikinta. A gari irin Gadarif da ke gabashin Sudan, wannan hasara ba ƙarama ba ce. Saboda haka ya kamata a ɗauki filashin a matsayin magani na ƙarshe ga wayar da ta kwanta, a daina yi wa lafiyayyar waya shi domin kwaɗayin sabon abu.

Gadarif tana kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da Hartum, a kan hanyar da ke zuwa Gallabat, iyakar Sudan da Habasha. Ƙasa ce ta dawa da riɗi, inda aka fara noman damina da injuna tun a shekarun 1940. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu zuriyar alhazai ne da suka taka da ƙafa zuwa Makka suka yada zango a hanya, wasu kuma kakanninsu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar kogin Nil, kusa da Sinnar. Bahaushen Gadarif na yau yana Hausa a gida, yana Larabci a kasuwa da makaranta. Wayar da ke hannunsa kuwa sau da yawa an shirya ta ne domin wata kasuwa dabam: ta Dubai, ko ta Saudiyya inda wani ɗan'uwa ya aiko da ita, ko ta Masar, ko ma ta ƙasar Sin.

Akwai tarihin da ya sa mutanen Sudan suka saba da yi wa waya dabara. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin tattalin arziki na Amurka, duk da cewa an sassauta shi a kan kayan sadarwa a Fabrairun 2015. A tsawon shekarun nan hidimomi da yawa na kamfanonin Amurka a toshe suke, har da kantin manhajoji na Google kafin wannan sassauci. Mai waya ya koyi karɓar manhaja daga wayar abokinsa, ya koyi zagayawa ta bayan gida, ya kuma koyi cewa mai gyara na bakin kasuwa ya fi kamfanin da ya ƙera wayar kusa da shi. Wannan ƙwarewa abar yabo ce, domin ita ta riƙe mutane lokacin da aka rufe musu ƙofa. Sai dai ta bar wata ɗabi'a a baya: duk abin da waya ta yi wanda bai gamsar ba, sai a ce a kai ta a yi mata filashin.

Domin a fahimci haɗarin, sai an san cewa waya mai suna ɗaya ba lallai ta zama iri ɗaya ba. Kamfanin Samsung yana sa wa kowace kasuwa lambarta ta haruffa uku, wadda ake kira CSC: XSG ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce, KSA ta Saudiyya, EGY ta Masar. Lambar ce ke ƙayyade harsunan da za su bayyana a jeri, da manhajojin da za su zo tare da wayar, da ranar da sabuntawa za ta iso, har da ko waya za ta yarda ta naɗi muryar kira. Wayoyin Japan da Koriya ta Kudu, alal misali, ba sa yarda a kashe ƙarar ɗaukar hoto. Kamfanin Xiaomi kuwa yana da manhajar Sin, wadda Sinanci da Ingilishi kaɗai take ji kuma ba ta zuwa da kantin Google, yana da ta duniya, da ta Turai, da ta Indiya. Wani lokaci bambancin ya wuce manhaja ya shiga cikin ƙarfe: wayar da aka ƙera domin Amurka tana iya ɗauke da ƙwaƙwalwar da ta saɓa da ta takwararta ta Gabas ta Tsakiya, alhali suna da fuska ɗaya da suna ɗaya.

Dalilan da ke kai mutum wurin mai filashin ba su da yawa, kuma mafi yawansu ba su kai a taɓa tushen waya ba. Wani ya ji cewa sabuwar manhaja ta isa wata ƙasa, tasa ba ta samu ba, sai ya ƙagu. Amma kamfanoni kashi-kashi suke sakin sabuntawa, jinkirin 'yan makonni kuwa ba ciwo ba ne. Wani yana zaton filashin zai ƙara wa wayarsa ƙarfin kama layi, alhali zangon igiyoyin da waya ke iya kamawa ya dogara ne a kan kayan da aka ƙera ta da su, manhajar wata ƙasa ba za ta haifar da abin da babu ba. Wani kuma ya sayi Huawei da aka fitar bayan takunkumin Amurka na 2019, yana fatan a dawo masa da hidimomin Google. Babu wata manhajar kamfanin da za ta ba shi wannan.

Dalilin da ya fi shafar ɗalibin Hausa shi ne harshe. Wanda yake son rubuta ɓ da ɗ da ƙ a wayarsa ba ya bukatar a goge masa komai. Haruffan nan masu lanƙwasa sun daɗe a cikin tsarin Unicode, allon rubutu na Gboard kuma yana da Hausa, yana da Larabci, ana sauya su da taɓawa ɗaya. Google Translate yana da Hausa tun 2013, Facebook tun 2016. Daga Android 13 ma, wanda ya fito a 2022, ana iya zaɓar wa manhaja harshenta dabam da na wayar, idan masu manhajar sun tanadi haka. Duk waɗannan ana saukar da su ne kamar kowace manhaja, idan ba su yi ba a cire su, waya tana nan lafiya lau. Wanda ya sa aka goge tushen wayarsa domin harafin ƙ ya rushe ɗaki ne domin ya kafa ƙusa.

Hanyoyin da filashin ke kashe waya sanannu ne ga masu sana'ar. Idan aka ɗora manhajar samfurin da ba nata ba, waya tana iya mutuwa murus, ko ta tsaya a kan tambarin kamfani tana ta kunna kanta tana kashewa. Samsung ba ya bari a koma manhajar da matakin tsaronta ya gaza wanda ke kan waya, don haka wanda ya hau bai ji daɗi ba sau da yawa ba shi da hanyar sauka. Xiaomi ya kawo irin wannan shinge a 2018, wayoyin Redmi Note 5 da yawa suka mace a hannun masu ƙoƙarin komawa baya. Haka nan idan aka ɗora wa wayar Sin manhajar duniya sannan aka mayar da makullin tushenta aka rufe, ba za ta tashi ba. Wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek, waɗanda yawancin Tecno da Infinix ke cikinsu, suna da nasu tarkon: zaɓi ɗaya na kuskure a SP Flash Tool yana share lambar IMEI, waya ta tashi sarai amma ba ta ganin layi. A Samsung kuwa, manhajar da ba ta kamfani ba tana ƙona wata alama ta tsarin Knox da ba ta gyaruwa har abada. Bayan duk wannan, manhajojin banki da yawa ba sa yarda su yi aiki a wayar da aka buɗe makullin tushenta.

Wannan batu na banki shi ne ya fi nauyi a Gadarif. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, garin ya cika da mutanen da suka baro gidajensu. Takardar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma ga Bankak, manhajar Bankin Hartum, da ita ake sayen abinci, da ita ake karɓar abin da 'yan'uwa suka turo daga waje. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024 ya ƙara tura mutane ga asusun banki. Waɗanda suka ga Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasar, sun san yadda rayuwa take idan waya ta yi shiru. Ga wanda ya gudo da kayan jikinsa, wayar nan ita ce jakar kuɗinsa, ita ce akwatin da ya ajiye hotunan takardun shaidarsa, a cikinta kuma lambobin danginsa da suka warwatsu suke. Filashin yana iya share duk wannan cikin minti goma. Manhajar banki za ta nemi a sake tabbatar da mai asusu, Google zai nemi kalmar sirrin da wataƙila wani yaro ne ya ƙirƙira a shago shekaru biyar da suka wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu gyara suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Wayar da ta maƙale a tambari ba ta da wani magani sai filashin. Wayar Sin da ba ta jin Larabci ba ta da amfani ga dattijon da ba ya karanta Ingilishi. Akwai kuma wayoyin da dillalai suka ɗora musu jabun manhajar duniya tun kafin su iso kasuwa, waɗanda ba sa karɓar sabuntawa, wasu ma cike da tallace-tallace. Mayar da irinsu kan manhajar kamfani ta gaskiya gyara ne. Sannan kamfanoni ba su yi wa talaka adalci ba: Galaxy S24 da Pixel 8 an yi musu alkawarin sabuntawa na shekara bakwai, wayoyi masu araha da yawa kuwa ba a daɗewa ake mantawa da su. Mai gyaran da ya tsawaita ran tsohuwar waya a lokacin da sabuwa ta fi ƙarfin aljihu ya yi aikin alheri. Abin da ake ƙi shi ne a mayar da aikin tiyata ya zama maganin ciwon kai.

Idan filashin ya zama dole, akwai ƙa'idojin da bai kamata a tsallake ba. Mai waya ya fara kwafe lambobi da hotuna da saƙonnin WhatsApp zuwa wani wuri, ya rubuta adireshinsa na Google da kalmar sirri a takarda, ya tabbatar layin da ya yi rajistar banki da shi yana hannunsa kuma yana aiki. Mai gyara ya duba cikakkiyar lambar samfurin wayar har harafin ƙarshe, kada ya dogara da sunan da ke jikin kwali. Ya ɗauko manhajar kamfani ta yankin da wayar ta fito. Idan Samsung ce kuma ana son bayanai su tsira, ya zaɓi fayil ɗin HOME_CSC a manhajar Odin, domin ɗan'uwansa CSC yana share komai. Ya cika batir, ya kuma yi aikin da kwamfutar da ba za ta mutu ba idan wuta ta ɗauke. Kafin ya danna komai, ya faɗa wa mai waya abin da zai iya salwanta. Akwai kuma haƙƙin da ya rataya a wuyansa: tun daga Android 5.1 na 2015 waya tana neman asusun mai ita bayan an goge ta, domin a kashe kasuwar sata. A ƙasar da aka yi wawason dukiyar jama'a, wanda aka kawo wa waya a kulle ya tambayi shaidar mallaka kafin ya buɗe.

Saura laifin kamfanoni, wanda shi ne tushen matsalar. Sun raba duniya gida-gida bisa taswirar kasuwancinsu, harshe kuwa ba ya bin wannan taswira. Hausa tana Kano da Maraɗi, tana Kumasi, tana Gadarif da Makka. Hanyar da alhazai suka bi da ƙafa ta ratsa yankuna da dama na masu sayar da waya. Ba wani nauyi ba ne a buɗe dukkan harsunan da kamfani ya riga ya fassara a kowace waya, ko ina aka sayar da ita, domin lambar yanki ce kawai ke ɓoye wasu. Ranar da aka yi haka, aka kuma tsawaita sabuntawa ga wayoyi masu araha, dalilai da yawa na filashin za su kau da kansu. Kafin wannan rana, mai wayar da ke kira, take tura kuɗi, take rubuta Hausa da Larabci, ya bar ta yadda take, ya jira sabuntawar kamfani ta iso da ƙafarta.